Ruwan da Yaya Ya Bari

Ni na kashe kifayen. Gara in faɗa tun yanzu, don duk wanda ya ji labarin a unguwarmu Gwaggo yake ɗora wa laifin, ita kuma ba ta taɓa musawa ba. Amma ni na zuba garin sabulun da hannuna, kuma na san abin da zai yi.

Akwatin gilashin yana falonmu a Rano, a kan teburin ƙarfe da aka ƙera masa. Tsawonsa ya kai na tabarma, bakinsa daidai haɓata. Yayana ne ya kawo shi. Aikinsa ke nan a Kano, haɗa wa masu hali akwatin kifi a gidajensu, ya kuma riƙa zagayawa yana kula musu da shi. Wani gida suka gaji da nasu don ya fara yoyo ta gefe, suka ce ya kwashe. Ya liƙe shi, ya ɗauko a bayan a-kori-kura. Sai da aka cire ƙyauren falo kafin ya shiga.

Inna, mahaifiyarmu, tana tsakar gida tana tankaɗe lokacin. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mutane suna kiwon abin da za su ci," in ji ta, da rariya take magana ba da shi ba. "Yaron nan yana kiwon abin kallo."

Yaron nan. Shi ne ɗan farinta, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya dawo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa wa bango. Ba ma ita ta goya shi ba. Da aka yaye shi Gwaggo ce, ƙanwar marigayi babanmu, ta ɗauke shi zuwa Kahu can ƙasar Kibiya, sai da ya isa shiga sakandare ya dawo. Ni auta ce, ni ake yi wa faɗa, ni ake yi wa dariya. Shi kuwa sai dai in tarar an ajiye masa tsokar da ta fi kowacce girma a ƙasan kwano, an lulluɓe ta da miya.

Kifaye goma sha ɗaya ya zuba. Jajaye masu jan jela kamar mayafi, wasu farare, da wani baƙi mummuna da ba ya komai sai manne baki a gilashi yana tsotsa. Babbansu fari ne mai jan tabo a ka, muna ce masa mai jar hula. Akwai ɗan injin iska da ke aiki da batirin sola, dare da rana yana ɓul-ɓul-ɓul ta cikin wani ƙaton soso da ke kusurwa. Makon farko sautin ya dame ni. Daga baya na daina jinsa.

Ranar Asabar ce ranar wanki, kuma ni ce 'yar aikin. Na tsani ranar Asabar.

Ga yadda ake yi. Tun ranar Juma'a za a cika duro da ruwa a ajiye shi a falon, ya kwana, sanyinsa ya zo daidai da na akwatin. Da safe in wanke hannu da ruwa zalla, babu sabulu, babu man shafawa. Bokitin aikin daban yake, shuɗi, ko alwala ba a yi da shi. A kankare koren gilashin gaba da tsohon katin banki. Sai a ɗauko tiyo, a cusa kansa ɗaya cikin tsakuwar ƙasa, a zuƙi ɗaya kan da baki, a yi maza a jefa shi a bokiti. Dattin da ya kwanta a ƙasa sai ya biyo ruwan. Haka za a bi tsakuwar taƙi-taƙi har ruwa ya sauko zuwa wani jan layi da ya ja a gefen gilashin. Da jan farcena ya ja shi, bai ko tambaye ni ba. Daga sama zuwa layin kashi ɗaya ne cikin huɗu. Nan ake tsayawa.

Ranar da na fara zuƙar tiyon sai da na haɗiyi ruwan. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Sannu, uwar sauri. Da daɗi?"

"Allah ya isa, Yaya. Kashin kifi ka ba ni."

"Ke kika ba kanki. Na ce ki zuƙa, ban ce ki sha kamar fura ba."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne soson. In an ciro shi baƙi ƙirin yake, yana yauƙi, yana wani wari kamar ƙasar bakin rafi bayan ruwan sama. Ba a kai shi famfo. A cikin ruwan dattin da aka ɗiba ake matse shi sau biyu, sau uku, a mayar da shi yana nan da baƙinsa.

"Wannan ai ba wanki ba ne," na ce masa. "Wasa da datti ne. A kwashe kifin, a zubar da ruwan duka, a dirje, a zuba sabo. Awa ɗaya an gama, a huta wata guda."

"Ki yi haka ki binne su washegari."

"Tsafta ce za ta kashe su?"

"Irin taki, ƙwarai. Dattin nan da kike yatsina fuska a kai, akwai rai a cikinsa. Wasu halittu ne da ido ba ya gani, suna jikin soso da tsakuwa, su ke cinye gubar da ke fita daga jikin kifin. In kika kashe su, kifin zai zauna cikin gubarsa. Ba kin yi bayoloji ba?"

"Na yi. Ba a koya mana tsotsar tiyo ba."

"To ga shi ina koya miki kyauta. Tsohon ruwa shi ke riƙe sabo, Auta. Kada ki taɓa wuce layin nan. Sabulu kuwa ko ƙamshinsa."

Warin soson nan ba ya barin hannunsa. Ko ya yi wanka ya fesa turare, in ya miƙo mini abu sai na ji shi a ƙasan turaren.

Kullum bayan la'asar yake dawowa daga Kano. Tun babur ɗinsa yana bakin lungu kifayen suke taruwa a kusurwar hagu, wadda ta fi kusa da ƙofa, suna turereniya. Ya shigo, ya ƙwanƙwasa murfin sau biyu da zobensa, ya ɗebo abincinsu da yatsu uku ya barbaɗa. Yatsu uku, sau ɗaya. Ya ce yunwa ba ta kashe kifin gida, ƙoshi ne yake kashe shi.

Wata Lahadi cikin damina ya fita a babur ɗin da safe. Kafin la'asar aka kawo shi a mota, an rufe shi da zanen wata mata da ba mu sani ba. Ba zan ce komai a kan ranar ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Mata suna zuwa gaisuwa suna kuka, ita tana cewa, "Haƙuri ya zama dole," idonta a bushe. Ko a mutuwa kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Amma ta daina cin abinci. A kai mata tuwo a ɗauko shi yadda aka kai. Kunu ta kurɓa sau biyu ta ture. Aka yi uku, aka yi bakwai, wuyanta ya zama kamar sillen kara, zobenta ya fara zamewa. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata in so take in rasa su biyu ta faɗa mini. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Kifayen kuwa ba wanda ya gaya musu. Duk babur ɗin da ya shigo lungunmu bayan la'asar, sai su ruga kusurwar hagu. Su tsaya, bakunansu a jikin gilashi, suna kallon ƙofa. Babur ya wuce, su ɗan jira, su watse. Wani ya zo, su koma. Da sauran rana ake wannan, hasken rana har cikin falo, amma ni in na gani sai tsikar jikina ta tashi, in waiwaya ƙofar ni ma. Na fara bi ta bayan gida don kada in ratsa falon a lokacin.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai na leƙa na ga Inna a ciki. Tana zaune a ƙasa a gaban gilashin da ta ce abin kallo ne. Babur ya shigo lungu, kifayen suka taru. Ta miƙe, ta ƙwanƙwasa murfin sau biyu, ta ɗebo abincin da yatsu uku. Ashe duk shekarun nan da take amsa wa bango tana gani. Da suka gama ci ta koma ta zauna, ta jawo kwanon da na ajiye mata tun rana, ta yi loma huɗu. Na ƙirga.

Daga ranar haka abin ya zama. Su ci, ta ci. Sau ɗaya a yini, kaɗan, amma tana ci. Na koma ajiye kwanon kusa da teburin ƙarfen kamar mantuwa na yi.

Wankin Asabar ne ban yi ba. Asabar ta farko na cika duro, na ɗauko tiyo, zan kai baki sai na ga shatin haƙoransa a jikin robar, inda yake cizawa in hannuwansa biyu suna aiki. Na mayar da shi kan ƙusa. Wannan dalili ɗaya ne. Na biyun shi ne na tsani aikin tun asali, kuma yanzu babu mai sa ni. Asabar biyar suka wuce. Gilashin ya yi kore shar, gansakuka ta rufe duwatsun, ruwan ya koma kalar shayin da ba madara. Kifayen dai suna nan lafiya, sai an matsa kusa ake ganinsu. Warin nan kuwa ya cika falon.

Saura kwana biyu sadakar arba'in Gwaggo ta iso daga Kahu. Duk dangi sun san ta da tsafta irin mai gajiyar da mutane. Mace ce da take juya turmi ta wanke gindinsa. In za a yi taro a gida, ita ke zuwa ta sa a fitar da komai, a dirje tukwane da toka, a wanke randuna, a share har saman katanga. Washegari da safe ta tura Inna ƙauyen Saji wajen ɗan'uwanta wai ta sha iska, ta ɗaura ɗamara, ta fara rabon aiki.

Ta ɗaga labulen falo, ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya cak. Sai ta ja da baya ta saki labulen.

"Ke, 'yar nan. Wannan kududdufin fa? A nan mata za su zauna gobe suna kallon gansakuka?"

"Na Yaya ne, Gwaggo."

"Na san na wane ne. A wanke shi. Kada in ƙara jin warin nan."

Ta juya ta nufi madafa, ba ta sake shiga falon ba.

A nan ya kamata in ce mata ba a yi masa irin wannan wankin. Kalma nawa ce? Amma abin da na ji a raina sauƙi ne. An ba ni izinin yin abin da na daɗe ina so, ba sai na sa bakina a tiyon ba, kuma in an tambaya Gwaggo ce ta ce.

Na kwashe kifayen da 'yar raga na zuba a bahon wanki. Na kwashe ruwan da bokiti, na yi ta sheƙawa a lambatu, ina kallonsa yana bin lungu. Na wuce jan layin ko tsayawa ban yi ba. Na kwaso tsakuwar na cuɗe ta da toka da garin sabulu, na shanya a rana. Soson na zuba masa tafasasshen ruwa, na matse, na sake matsewa har ya koma ruwan ɗorawa, kalar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Na shiga cikin akwatin da ƙafafuna na dirje kowace kusurwa da kumfa. Jan layin ma na bi shi da reza na kankare, don ya yi mini kama da datti. Na ɗauraye sau biyu. Na sa aka turo kurar ruwa daga burtsatse, mai sanyi ƙarara, na juye kai tsaye. Na mayar da kifayen.

Kafin azahar na gama. Kuma ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ban taɓa ganinsa da kyau haka ba. Kamar kifayen a iska suke yawo.

Bayan la'asar babur ya shigo lungu. Ina tsaye da tsintsiya a bakin ƙofa. Ba wanda ya je kusurwar hagu. Duk suna sama, bakunansu a fatar ruwa, suna buɗewa suna rufewa.

A haka Inna ta dawo ta same su. Ta tsaya da mayafinta a ka. Ta dubi gilashin, ta dubi gefen da layin yake a da. Ta ƙwanƙwasa murfin sau biyu, ta barbaɗa abinci. Ya yi ta yawo a sama har ya jiƙe ya nutse.

"An yi wanki," in ji ta.

Ta shige ɗaki. Kwanon yana nan inda na ajiye shi.

Kafin magariba uku suka juya ciki sama. Da asuba na tarar da wasu huɗu, har da baƙin mai tsotsar gilashi, wanda Yaya yake cewa ko a kwalbar kananzir zai rayu. Ranar sadaka ke nan. Falon ya cika da mata, ana raba waina da gumba, wata tana cewa, "Kai, marigayi ya iya abu, dubi ruwa kamar hawaye." Ni kuma ina ratsawa tsakaninsu da kofi a ƙarƙashin mayafi, in tsamo wanda ya mutu, in fita da shi bayan gida. Sau uku na yi haka. Kafin azahar saura mai jar hula kaɗai, ya kwanta a ƙasa ta gefe ɗaya, gefen wuyansa yana motsi a hankali.

Na ciro shi. Na sami sabon baho da ba a taɓa sa wa sabulu ba cikin kayan da aka aro, na zuba ruwan randar shanmu wanda ya kwana, na sa shi a ciki, na jawo igiyar iskar na tsoma. Iyakar abin da na sani ke nan. Na san kuma bai isa ba. Ruwa ne mai tsabta, babu komai a cikinsa, kuma abin da zai riƙe shi ni na dafa shi da tafasasshen ruwa.

Inna ta yini tana amsa gaisuwa. Ko kunun ba ta kurɓa ba. Da ta miƙe za ta yi alwala sai da ta dafa bango.

Na sami Gwaggo a bayan gida tana dirzar gindin tukunya. Ban yi sallama ba.

"Saura ɗaya, Gwaggo. In ya mutu Inna ba za ta ƙara cin abinci ba. Kin san sai sun ci take ci? Ruwan da muka zubar shi ke riƙe da su. Yaya ya faɗa mini, ya nanata, na sani sarai na yi. Yanzu tsohon ruwa nake nema da tsohon datti, kuma duk garin nan ba mai irinsa sai a Kano, ni kuwa ban san gidajen ba."

Na zaci za ta zage ni. Ba ta ko ɗago ba. Ta ci gaba da dirza wurin da ya riga ya yi fari.

"Gobe da sassafe," in ji ta. "Ki nemo jarka. Wadda ba a taɓa zuba mai ba."

Da gari ya waye mai jar hula yana nan da rai, a kwance dai. Muka hau mota zuwa Kibiya, daga nan muka hau babura zuwa Kahu. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, dawa ta fi mutum tsayi dama da hagu. Ni kuma duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a lokacin ne kifin ya daina motsi.

Da muka isa Gwaggo ba ta shiga ɗakinta ba. Ta zagaya da ni baya, gindin wata bishiyar lemun tsami. Akwai tsohuwar randa mai ɓallen baki, an rufe ta da faifai. Ta ɗaga.

Warin ne ya fara isowa. Sai da na ja da baya, don ji na yi kamar Yaya ya miƙo mini hannu ta bayan kafaɗata.

Ruwan kore ne, cikin randar duk gansakuka. Wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye suka taso sama. A ƙasa ga tsakuwa irin tamu, ga guntun baƙin soso an danne shi da dutse.

"Bara waccan ya kawo," in ji Gwaggo. "Ya ce sauro ya yi mini yawa, waɗannan za su cinye 'ya'yansa. A jarka ya ɗauko ruwan daga naku, a bayan babur."

Sai na ga layin. A cikin randar, ƙasa da baki kaɗan, an karce shi da ƙusa.

"Duk Asabar nake ɗiba zuwa nan," in ji ta. "In ƙara na rijiya wanda ya kwana. Ba sabulu. Haka ya ce."

Na dube ta. Matar da take wanke gindin turmi.

"Ashe kin sani."

"Na sani."

"To don me kika ce in wanke?"

Ta mayar da hannu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, wanda ba abin da ya same shi.

"Nan warin a waje yake, iska tana ɗauka. Can na ɗaga labule na ji shi a rufe a ɗaki, kamar yanzu yayanki ya fita. Ni na goya shi, 'yar nan. Uwarku an hana ta kuka, ni kuma an ce ni ce mai ba da haƙuri. Ƙafata ta ƙi shiga. Na ce a wanke, ban tsaya na ga yadda za a wanke ba, don ba na son in gani."

Ta fyace hanci da bakin zane, ta miƙo mini ƙwarya.

"Ɗebi. Ki gama ki koma."

Na fara ɗiba ina ɗurawa a jarka. Sauri nake yi. Ruwa ya sauko, layin ya fito, na sake kai ƙwaryar. Ta riƙe mini wuyan hannu.

"Zuwa layi."

"Gwaggo, jarkar ko cika ba ta yi ba."

"Su waɗannan ba rai ne da su ba? Uwar sauri."

Ban san ta san sunan ba. Na ajiye ƙwaryar.

Ta tsoma hannu har kafaɗa ta ciro soson, ta raba shi biyu da wuƙa, ta ba ni rabi a leda da ɗan ruwa. Ta ƙara mini tsakuwa cikin tafi biyu. Ta ce ba za ta bi ni ba, gobe Asabar, ranar wankin randarta.

Na iso gida ana kiran azahar, jarkar a kan cinyata tun daga Kibiya. Kifin yana nan. Raina ya ce in juye masa duka. Ban juye ba. Jarkar ta sha rana a hanya, ta yi ɗumi, sai na ajiye ta kusa da bahon har sanyinsu ya zo ɗaya. Na ɗaure guntun soson a bakin igiyar iska, na zuba tsakuwar a gefe. Sannan na zauna a ƙasa da kofi. In zuba ɗaya, in jira. In zuba ɗaya, in jira. A rayuwata ban taɓa yin abu a hankali haka ba. Ruwan bahon ya fara dusashewa, ya koma ɗan kore.

Ban ji fitowar Inna ba, sai inuwarta na gani a kan ruwan. Ta durƙusa da ƙyar. Ta tsoma yatsu, ta kai hanci. Ta daɗe a haka, idonta a rufe.

"Daga ina?"

"Kahu. Shi ya kai wa Gwaggo."

Ba ta goge hannun ba. Ta koma ɗaki da shi a dunƙule a ƙirjinta.

Ranar bai ci ba, ita ma ba ta ci ba. Washegari na tarar ya miƙe daga kwanciyar gefe, yana tsaye a ƙasa, fiffikensa yana ɗan kaɗawa. Bayan la'asar Inna ta fito ta zauna a gaban bahon. Na ajiye kwanon inda na saba, na koma bakin ƙofa na yi kamar ina tsince shinkafa.

Babur ya shigo lungu.

Baho ba shi da kusurwa. Amma ya taso, a karkace, kamar mai ciwon ƙafa, ya zagayo har gefen da ke kallon ƙofa, ya tsaya. Inna ta ƙwanƙwasa bakin bahon sau biyu. Ta ɗebo da yatsu uku, sai ta mayar da rabi, don shi kaɗai ne. Ƙwaya ɗaya ya ɗauka, ya tofar, ya sake ɗauka. Ya haɗiye.

Ta jawo kwanon ta buɗe. Ta dubi tuwon.

"Wannan ya huce," in ji ta. "Ba mai ɗumi?"

Na tashi da gudu har na zubar da shinkafar.

Akwatin sai da na yi mako guda ina ɗauraye shi da ruwa zalla ina barinsa ya bushe, sannan na cika shi, na sa soson, na ba shi makonni kafin na mayar da mai jar hula. Har yau shi kaɗai ne a ciki, da 'yan ƙananan da Gwaggo ta aiko daga baya. Da na zo jan sabon layi na ɗauka sai na auna. Ashe rezar ta bar ɗan tabo a gilashin, in haske ya bugo ta gefe ana gani. A kansa na bi da jan farce.

Na iya lissafi, na san abin da ke cikin jarkar nan ba yawa, kuma duk Asabar ina rage shi. Wani lokaci in ina tsaye ruwa yana bin tiyo sai in ce yau ne na ƙarshensa zai fita. Amma in na ciro soson warin yana nan yadda yake. Tiyon ma shi ne dai, ban sake ba. In hannuwana biyu suna aiki, a inda ya ciza nake cizawa.

Bayan la'asar yanzu a falo nake zama, kusa da Inna da kwanonta. Ba ma hira. In babur ya shigo lungu, kifin ya tafi kusurwar hagu, Inna ta dubi bango, ni in dubi ƙofa, har ƙarar ta wuce gidanmu. Sannan ta ƙwanƙwasa murfin.